Yadda Ake Tattara Mazuban Maganin Feshi Daga Hannun Manoma Don Kawar Da Su Ba Tare Da Cutarwa Ba

A duk inda ake noma da maganin feshi, na kwari ne ko na ciyawa, akwai abin da yake saura bayan an gama aiki, wato mazubin da maganin ya zo a cikinsa. Wanda ya bi bakin magudanan ruwa a Kadawa ko Bakolori a ƙarshen noman rani, ko ya ratsa gonakin wake da auduga da kaka, zai ga robobi da ledoji a yashe a kan kunya da gindin itatuwa, wasu kuma ruwa ya kwashe su ya tara a bakin kwalbati. Waɗanda ba a yar ba su ne suka fi tayar da hankali, domin gida ake kai su, a yi musu wankin sama-sama, a mayar da su na zuba ruwan sha ko man gyaɗa ko kunun da ake kai wa gona. Komai ƙoƙarin manomi wajen tsiyaye roba, akwai ragowar magani da take maƙalewa a bangonta da wuyanta da murfinta, kuma wannan ragowar tsantsa ce da ba a sirka da ruwa ba. Wani ɓangare na sinadarin ma shiga yake yi cikin jikin robar, inda sabulu da toka ba sa kaiwa.

Wannan bayani an tsara shi ne domin ƙungiyar manoma, ko malamin gona, ko mai shagon kayan noma da yake son ya shirya tattara waɗannan mazubai a garinsu. Aikin ba shi da wuyar fahimta, amma jerin matakansa yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan aka sa na ƙarshe a farko, ana iya tara guba a wuri guda a tsakiyar gari a rasa yadda za a yi da ita.

Mataki na farko: a san inda za a kai su tun kafin a karɓi ko guda

Yawancin masu niyyar alheri da shela suke farawa, sai bayan sito ya cika su soma tambayar wanda zai ɗauka. Daidai shi ne a fara daga ƙarshen hanya. Hanyoyi uku ne aka amince da su. Ta farko ita ce a mayar wa kamfanin da ya sarrafa maganin ko ya shigo da shi. Ta biyu ita ce a kai wa masana'antar da take narka roba ta yi kayan da ba sa haɗuwa da abinci ko ruwan sha ko jikin mutum, kamar bututun saka wayar lantarki, da turakun shinge, da bututun magudanar ƙazanta. Ta uku ita ce ƙonawa a wuri na musamman mai tsananin zafi, irin tanderun masana'antar siminti da zafinsa yake haura digiri 1,400, ko injin ƙona shara mai haɗari da hukuma ta ba wa lasisi.

A Nijeriya, ƙofofin da ya kamata a ƙwanƙwasa su ne ma'aikatar muhalli ta jiha, da ofishin hukumar NESREA mai kula da bin dokokin muhalli, da NAFDAC wadda take yi wa magungunan feshi rijista, da hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha, kamar KNARDA a Kano. A kuma tuntuɓi manyan dilolin da ake sayen magani a wajensu, domin ta hannunsu ake isa ga kamfanoni da ƙungiyarsu ta CropLife. A Jamhuriyar Nijar kuwa, ofishin kare tsirrai na ma'aikatar noma, wato DGPV, shi ne mafari. Duk wanda ya ce zai karɓa, a yi masa tambayoyi a fili: yana da izinin hukuma na taɓa irin wannan shara? Me zai yi da robar? Wane iri yake karɓa, wane ne ba ya karɓa? Nawa ne mafi ƙarancin nauyin da zai turo mota dominsa, kuma wa zai biya kuɗin motar? A rubuta amsoshin a takarda, kowane ɓangare ya sa hannu.

A nan akwai jarabawar da ƙungiya za ta fuskanta, domin 'yan bola jari za su zo da kuɗi a hannu su ce za su saye duka. Sana'arsu halal ce kuma suna rage wa garuruwa shara mai yawa, amma robar da suka saya gauraya ta ake yi da sauran robobi a niƙe, kuma daga irin wannan niƙa ake yin bokiti da buta da kofi da kwanon roba. Robar maganin feshi ba ta da gurbi a wannan kasuwa, ko da an ɗauraye ta.

Ƙasar da ta fi kowa nisa a wannan aiki ita ce Burazil. A shekarar 2000 ta yi dokar da ta raba alhakin tsakanin manomi da mai shago da kamfani da gwamnati. Mai shago yana rubuta wurin da za a mayar da mazubi a jikin rasit, manomi yana da shekara guda daga ranar saye ya ɗauraye ya mayar, kamfanoni kuma, ta hanyar cibiyarsu mai suna inpEV, su suke kwashewa su sarrafa. Da wannan tsari ƙasar take dawo da fiye da kashi 90 cikin 100 na robobin da magani yake zuwa a ciki. Jamus tana da tsarin PAMIRA, Faransa tana da ADIVALOR, Ostireliya tana da drumMUSTER. Abin da ƙungiyar ƙauye za ta ɗauka daga gare su shi ne, wanda ya sayar da magani yana da kaso a nauyin mazubinsa, don haka neman gudummawar dila da kamfani neman haƙƙi ne, kuma babu abin jin nauyi a ciki.

Mataki na biyu: a ƙiyasta yawan kayan, a kuma jawo waɗanda ake jin maganarsu

Ƙiyasin ba ya buƙatar dogon bincike. A tambayi masu shaguna adadin katan-katan da suka sayar a daminar da ta wuce, a kuma tambayi manoma kamar ashirin yawan robar da kowa ya buɗe. A matsayin misali kawai, idan ƙungiya tana da mutum 300 kuma kowa ya ƙarar da roba shida mai cin lita ɗaya, za a sami roba 1,800. Robar lita ɗaya ba ta wuce kimanin giram 100, saboda haka nauyin duka bai kai kilo 200 ba, amma wurin da za su ci yana da yawa. Girman ɗaki da girman mota su ne matsalar, nauyi ba ya cikin lissafi sosai.

Daga nan sai a je wa dagaci da masu unguwanni da sarkin noma da limamai, a yi musu bayani tun kafin a yi wa jama'a. A kafa ƙaramin kwamiti, kuma a tabbata akwai mata a ciki, domin su ne suke karɓar robar idan ta iso gida, su suke yanke shawarar abin da za a zuba a cikinta. Rukunin da aka fi mantawa da shi shi ne samarin da suke feshin haya. Mutum ɗaya daga cikinsu yana iya buɗe robar da ta fi ta manoma goma a mako, saboda haka idan aka shawo kansu, an yi rabin aikin.

Mataki na uku: ɗauraya sau uku, a gona, a ranar da roba ta ƙare

Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, kuma a hannun manomi yake. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun fitar da jagora kan mazuban maganin feshi a shekarar 2008, kuma ɗauraya sau uku ita ce tushen shawararsu, domin idan aka yi ta yadda ya kamata tana fitar da kusan dukkan ragowar da ke cikin roba. Ba a koyar da ita da baki kawai. A tara manoma a gona, a kawo famfon feshi da roba da ruwa, a yi a gabansu, sannan a sa kowa ya yi da hannunsa.

Ga yadda ake yi. Lokacin da ake haɗa famfo na ƙarshe daga robar, a kifa ta a bakin tankin famfon, a bar ta ta tsiyaye har daƙiƙa 30 bayan zubar ta koma ɗigo. A zuba ruwa mai tsabta har kashi ɗaya cikin huɗu na robar. Kada a cika ta, domin ruwan yana buƙatar wurin da zai yi ta bugun bango. A rufe murfin da kyau, a girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 30. A buɗe, a juye ruwan cikin tankin famfon, a sake bari ya tsiyaye na daƙiƙa 30. A maimaita sau biyu, kuma ya fi kyau a sauya yadda ake riƙe robar kowane karo: na farko bakinta a sama, na biyu a kife, na uku a kwance, domin ruwan ya isa gindi da kafaɗa da cikin mariƙi. Idan ruwan karo na uku bai fito garau ba, a ƙara. A ɗauraye murfin da zaren wuyan robar a kan bakin tankin, domin a nan magani yake daskarewa. Bayan haka ne za a ƙarasa cika famfon zuwa ma'auninsa, a fesa a kan amfanin da aka sayi maganin dominsa.

Abubuwa biyu ne suke ɓata wannan mataki. Na farko shi ne jinkiri. Ragowar da ta kwana ta bushe a rana tana zama ɓawo a jikin roba, kuma ruwa ba ya iya ɓamɓare ta. Na biyu shi ne wurin zubar da ruwan ɗaurayar. Wurinsa ɗaya ne, cikin tankin famfo. Ba a zuba shi a ƙasa, ba a zuba shi a magudana, kuma ba a zuwa bakin rijiya ko rafi ko tafki a yi ɗaurayar, sai dai a ɗebo ruwa a bokiti a koma cikin gona. Yana da kyau a nuna wa manomi ribarsa a nan, domin ragowar da ya ɗauraye cikin famfo magani ne da ya biya kuɗinsa, da ya yar da shi a banza.

Da an gama ɗauraya, a huda gindin robar da gefenta da ƙusa babba ko wuƙar da aka ware don wannan aiki kaɗai, wadda ba za ta koma madafa ba. Hudawa tana hana a zuba abinci a ciki, kuma tana toshe wata kafa ta daban, domin masu haɗa jabun magani suna sayen roba lafiyayya mai takarda a jiki su cika ta da abin da suka ga dama su mayar kasuwa. Kada a ɓare takardar da ke manne a jikin robar, saboda da ita ake gane abin da ya zauna a ciki. A kife robar ta bushe, a ajiye murfin daban. Jarka mai lita 20 ko duro ba su girgizuwa a hannu, don haka kwantar da su ake yi a mirgina gaba da baya, sannan a tayar a kifa. Duk wannan da safar hannu ta roba ake yin sa, da riga mai dogon hannu, da abin kare ido.

Mazuban da ba a ɗaurayewa

Ba kowane mazubi ne ruwa yake taɓawa ba, kuma kuskure a nan yana iya kai wa ga rasa rai. Gwangwanin ƙwayar da ake sa wa hatsi a sito, irin Phostoxin, shi ne kan gaba. Sinadarin da ke ciki yana fitar da iskar fosfin da zarar ya haɗu da danshi, iskar kuwa tana kisa kuma tana iya kama wuta idan ta taru a rufaffen wuri. Kada a zuba masa ruwa, kada a shinshina, kada a tura shi cikin buhu ɗaya da jiƙaƙƙun robobi. A ajiye shi a busasshen wuri mai iska, a keɓe, a kuma nemi umarnin jami'in hukuma game da shi da tokar da ƙwayar take bari.

Ƙananan ledojin garin magani, kamar na maganin da ake cuɗa iri da shi kafin shuka, a kakkaɓe su sarai a inda ake aikin, a naɗe, a tara a leda mai kauri a ɗaure bakinta. Buhun da irin da aka cuɗa da magani ya zauna a ciki shi ma shara ce mai guba, bai dace a sake zuba hatsi a cikinsa ba. Gwangwanin feshi mai iska a ciki ba a huda shi, ba a kusantar da shi ga wuta. Kwalbar gilashi a ɗauraye ta amma kada a fasa ta a gona. Tsofaffin robobin da aka tsinto a daji, waɗanda suka bushe da magani a ciki, kada a ce za a wanke su a gari, domin za a rasa inda za a kai ruwan. A zuba su a buhu na daban, a rubuta a jiki cewa ba a ɗauraye ba.

Kafin ranar tattarawa, manomi ya tara nasa a tsohon buhun taki, ya ɗaure, ya rataye a bukkar gona ko wani wuri mai tsawo da yara da awaki ba sa kaiwa, nesa da rumbu da madafa da ɗakin kwana.

Mataki na huɗu: wurin ajiya

A zaɓi fili a bayan gari, a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, nesa da rijiya da burtsatse da makaranta da kasuwa da mashayar dabbobi. Fadama ba ta dace ba ko da filin kyauta ne, domin ruwan ƙasa yana kusa kuma ambaliya tana iya kwashe komai. A yi daɓen siminti mai ɗan gefe da zai tare duk abin da ya zuba, a yi rufin kwano, a kewaye da ragar waya domin iska ta riƙa ratsawa, a sa ƙofa da kwaɗo, makulli kuma ya zauna a hannun mutum biyu sanannu. A kafa allo mai hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, da rubutun boko da na ajami, tun da ba kowa ne yake karanta boko ba. A ajiye bokitin yashi, da shebur, da tsintsiya, da duro mai murfi, da ruwa da sabulu. Ba a kwana a wurin, ba a cin abinci, ba a shan taba, kuma ba a ajiye taki ko iri a ciki ko da na kwana ɗaya ne.

Inda ƙauyuka suke warwatse, ana iya kafa ƙaramin kejin waya mai kwaɗo a gefen shagon kayan noma, a riƙa kwashewa zuwa babban wurin. Sharaɗin shi ne kada a bar shi a buɗe kowa ya jefa abin da ya ga dama, domin keji marar mai tsaro cikin mako guda yake komawa bola.

Mataki na biyar: lokaci da abin da zai sa manomi ya kawo

A bi kalandar noma. A yankinmu robobin maganin ciyawa suna taruwa ne daga farkon damina zuwa watan Agusta, na maganin kwarin wake da auduga zuwa Oktoba da Nuwamba, na noman rani kuma zuwa Maris da Afrilu. Saboda haka tattarawa sau biyu ko uku a shekara ta wadatar. A sanar da ranar da mako biyu, a masallatai bayan sallar Juma'a, da bakin mai shela, da gidan rediyo idan da hali, a kuma faɗi sharuɗɗa tun a sanarwar: a ɗauraye, a huda, a busar, a cire murfi, kuma babba ne zai kawo.

Dole ne a yarda da gaskiya guda, cewa robar nan tana da daraja a idon mai ita. Tana da kauri, tana da murfi mai kyau, ba ta yoyo, kuma a ƙauyen da sabuwar jarka take da tsada ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum ya huda ta da hannunsa. Wa'azi kaɗai ba zai wadatar ba, sai an ba shi madadi. Abin da ya fi dacewa shi ne musaya da sabuwar jarka ko buta ga wanda ya kawo adadin da aka ƙayyade, ko ragin farashi a shagon da aka yi yarjejeniya da shi, ko safar hannu da takunkumi. Mai shago kuma yana iya riƙe ɗan kuɗi a kan kowace roba, ya mayar wa manomi idan ya dawo da ita a ɗauraye.

Abin da nake ganin ya kamata a guje masa shi ne biyan tsabar kuɗi a kan kowace roba ga duk wanda ya kawo. Ranar da aka sanar da haka, yara da almajirai ne za su bazama gonaki da bola suna tsinto robobin da ba a ɗauraye ba da hannu tsirara, sai ya zamana shirin da aka kafa don kare su shi ya tura su ga gubar. Lada ya tsaya ga manoman da ke cikin rijistar ƙungiya, kuma duk yaron da aka aiko da kaya a karɓa a wanke masa hannu, a aika wa mahaifinsa cewa ba a ba da komai ta hannun yaro.

Mataki na shida: ranar karɓa

A fara da sassafe a tashi kafin rana ta take, domin zafi yana tayar da tururin magani kuma yana sa ma'aikata su cire kayan kariya. Masu karɓa su zama manya masu lafiya, ban da mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon asma. Kowa ya sa safar hannu mai kauri da ta kai gwiwar hannu, da takalmin ruwa, da riga da wando masu rufe jiki, da tabarau, da takunkumi. A tsaya ta inda iska take fitowa, kayan su kasance a gaba.

Mutum uku sun isa teburi guda: mai dubawa, mai rarrabawa, da mai rubutu wanda ba ya taɓa roba ko kaɗan. Mai dubawa ya ɗaga kowace roba ya leƙa cikinta ta hasken rana, ya duba wuyanta, ya kifa ta ya ga ko wani abu zai ɗiga. Da ido ake dubawa, ba a kai ta hanci. Wadda ta fito tsaf, a bushe, a huje, ta tafi kashin farko. Wadda take da ɓawon magani ko danshi mai launi ta tafi kashi na biyu, tare da ledoji da tsintattun robobi. Kada a kori manomin da ya kawo marar ɗauraya, domin idan aka mayar da shi da ita a hanya zai jefar. A karɓa, a nuna masa inda ya gaza, amma lada na mai ɗauraya ne. A cikin kashin farko a sake ware roba mai kauri wadda take da lamba 2 cikin alamar kusurwa uku a gindinta, domin ita masu narkawa suka fi nema, a ware ta garai-garai daban, ƙarfe daban, gilashi daban, murafe a buhunsu.

Kashi na uku shi ne na mazuban da har yanzu akwai magani a ciki. Da an ji ana karɓa, mutane za su fito da abin da ya daɗe a lungun ɗaki: wanda wa'adinsa ya wuce, wanda takardarsa ta goge, da wanda aka hana amfani da shi, kamar tsohon gamalin da endosulfan waɗanda yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Stockholm ta sa a jerin haramtattu a 2009 da 2011, ko paraquat da NAFDAC ta haramta daga 2024. Kada a buɗe su, kada a juye wani cikin wani, kada a huda. A bar kowanne a mazubinsa, a tsayar da shi cikin duro mai yashi a gindi, a rubuta suna da yawa, a sanar da hukuma. Zanen launi da ke ƙasan takardar yana nuna girman haɗari: ja shi ne mafi tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore.

Mai rubutu ya shigar da sunan manomi, da ƙauyensa, da adadin da ya kawo, da nawa ne suka ci jarabawar ɗauraya, ya ba shi ɗan rasit. Idan magani ya zube a daɓe, a rufe shi da yashi, a kwashe da shebur a zuba a duro, ba a kora shi da ruwa. Idan ya taɓa mutum, a cire tufafin nan take a wanke fatar da ruwa mai yawa da sabulu, ido kuma a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta har minti 15. Ciwon kai, jiri, yawan gumi, dalalar miyau, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido ko sarƙewar numfashi alamu ne na guba, kuma asibiti ake nufa ba tare da jira ba, a tafi da robar ko takardarta domin likita ya san abin da zai yi magani. Kada a ba shi nono ko madara ko manja, kuma kada a sa shi amai da gangan. Ya kamata a sanar da asibitin da ya fi kusa tun kafin ranar, a kuma tanadi abin hawa a wurin.

Mataki na bakwai: ɗauri da jigila

Robobin kashin farko a tattake su ko a yanka su biyu domin su rage cin wuri, a cusa a manyan buhuna, a ɗinke, a auna a sikeli, a rubuta nauyi da iri da kwanan wata a jikin kowane buhu. Kashi na biyu da na uku ba a matse su. Motar da za ta ɗauka ta zama mai buɗaɗɗen baya wadda ɗakin direba yake a ware, a shimfiɗa tamfol a ƙasa a rufa wani a sama, a ɗaure. Ba a haɗa kayan da hatsi ko kayan miya ko dabbobi ko fasinja, ko da mutum ɗaya ne ya roƙi a rage masa hanya. A gaya wa direba abin da ya ɗauka, a ba shi takarda mai jerin kayan da lambar wayar shugaban kwamiti, kuma wani daga kwamitin ya bi motar har inda za a sauke, ya dawo da takardar shaidar karɓa mai sa hannu. Garuruwan bakin iyaka su lura cewa tsallaka da irin wannan shara zuwa wata ƙasa yana ƙarƙashin yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991, saboda haka ba abin da ƙungiya za ta yi da kanta ba ne.

Idan motar ta yi jinkiri, ko wanda aka yi yarjejeniya da shi ya janye, za a sami masu cewa a cinna wa tarin wuta ko a haƙa rami a binne. Jagoran FAO ya yi hani da duka biyun. Wutar fili ba ta da zafin da zai rushe sinadaran, hayaƙinta yana iya ɗaukar gubar dayoksin ya sauke a kan gonaki da makiyaya, binnewa kuma tana kai ragowar ga ruwan da rijiyoyi suke sha, robar kanta kuwa ba ta ruɓewa. Roba ɗaurayayya, hujajjiya, busasshiya tana iya zama a rufaffen wuri har shekara ba tare da ta cutar da kowa ba, don haka a ci gaba da ajiya, a dakatar da karɓar sababbi idan wuri ya cika, a kuma rubuta wa hukuma da kamfanonin da sunayensu suke jikin robobin, a haɗa da adadi da hotuna.

Bayan mota ta tashi, a share daɓen, a zuba sharar a duro, a wanke safar hannu tun tana hannu kafin a cire, a wanke tufafin aiki daban da na iyali, kowa ya yi wanka kafin ya ci abinci. Cikin mako guda kwamiti ya zauna ya kwatanta adadin da aka karɓa da adadin da shaguna suka sayar, ya fitar da ƙauyukan da robobinsu marasa ɗauraya suka fi yawa, domin a can za a sake yin gwajin ɗauraya kafin feshin gaba. A karanta wa taron ƙungiya wannan lissafi tare da takardar shaidar karɓa, a miƙa kwafi ga dagaci da ofishin aikin gona, sannan a tsayar da ranar tattarawa ta gaba.